Rumbun Kirista Mai Hikima

A ƙasar Adar damina gajeruwa ce. Ruwa yakan sauka kamar wata uku, daga Yuli zuwa Satumba. Abin da manomi ya samu cikin wannan ɗan lokaci shi zai ci har shekara ta kewayo. Don haka, in kana so ka san hankalin magidanci, dubi yadda yake yi da rumbunsa.

Kirista ma haka ne. Ba ran Lahadi kaɗai ake faranta wa Allah rai ba. Allah yana duban yadda muke riƙon abin da ya ba mu, har da hatsin da ke cikin rumbu.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin mutum biyu masu rumbu. Na farko shi ne Yusufu, cikin Littafin Farawa, sura 41. Allah ya nuna masa za a yi shekara 7 na ƙoshi a Masar, sa'an nan shekara 7 na yunwa. Yusufu bai naɗe hannu ba. Ya ba Fir'auna shawara a riƙa ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Da yunwa ta zo, sai ya buɗe rumbuna, mutane suka rayu, har da baƙi daga wasu ƙasashe.

Na biyu yana cikin misalin da Yesu ya bayar a Luka, sura 12. Wani mai arziki ne, gonarsa ta yi albarka ƙwarai. Ya ce zai rushe rumbunansa, ya gina manya, ya zauna ya ci shi kaɗai. Bai tuna da Allah ba, bai tuna da kowa ba. A daren nan aka karɓi ransa, Allah kuwa ya kira shi wawa.

To, ka gani, dukansu biyu sun yi ajiya. Mene ne bambancinsu? Yusufu ya ajiye domin mutane su rayu. Mai arzikin nan ya ajiye domin cikinsa kawai.

Mutanen Tawa sun san yunwa. Tsofaffi suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. An sake shan wuya a 2005. Saboda haka tanadi ba rashin bangaskiya ba ne. Hankali ne da Allah ya ba mu.

Ga abubuwa huɗu da Kirista mai hikima zai yi.

Na ɗaya, ƙirga. Yanzu ka iya rubutu da lissafi, sai ka yi aiki da su. A ce gidanka yana cin dami ɗaya cikin kwana 3. Ke nan a shekara kana bukatar dami 122. Rubuta abin da ka sa a rumbu, ka ware iri, ka ware baikon Allah. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin tare, gama ita ta san abin da tukunya ke ci.

Na biyu, kada ka yi gaggawar sayarwa. Da kaka tiyar hatsi araha take a kasuwar Tawa. Da bazara sai ta yi tsada. Wanda ya kwashe rumbunsa domin biki ko don a yabe shi, zai sake sayen hatsin nan da bashi. In akwai bankin cimaka a garinku, ka shiga.

Na uku, gyara gonarka, gama daga gona rumbu yake cika. A Keita, tun daga 1984, an yi babban aikin raya ƙasa da taimakon Italiya. Mutane, yawancinsu mata, sun jera duwatsu don tsare ruwa, sun dasa itatuwa. Faƙon da aka fid da rai da shi ya sake ba da amfani.

Na huɗu, buɗe hannunka. Kiristoci kaɗan ne a Adar, yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Yunwa kuwa ba ta tambayar addini. In gwauruwa ko maraya ko matar da mijinta ya tafi cin rani ta rasa abin dakawa, ɗebi ƙwarya guda ka kai, ba tare da shela ba. Dubi asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950. Ana duba mai ciwo a can, ko Musulmi ne ko Kirista. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 13, ta koya mana cewa alheri da rabawa da juna hadaya ce da Allah yake jin daɗinta.

Ɗan'uwa, wanda ya ɓarnatar da hatsinsa ba shi da abin bayarwa. Wanda ya liƙe rumbunsa kuma bai amfani kowa ba. Ka yi tanadi, domin ran da maƙwabci ya yi sallama a ƙofarka, ka sami abin miƙa masa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin Yusufu da mai arzikin nan?
2. Dami nawa gidanka yake ci a wata?
3. Wa za ka iya taimaka wa da bazarar bana?