Kafin ka je wurin mai walda: Yadda ake zaɓen girman gado mai hawa biyu

Ranar da aka kawo gadon nan gidanmu, kai ka ce amarya aka kawo. Yaran layinmu sun biyo motar akori-kurar da ta ɗauko shi har ƙofar gida, ƙannena kuwa tun kafin a sauke shi suka fara rigimar wanda zai kwana a sama. Sai da aka cire ƙyauren ɗaki sannan ya shiga, amma ba wanda ya damu. Mu huɗu ne maza a ɗaki ɗaya mai ƙafa 10 da 12, katifu biyu a ƙasa sun cinye ko'ina, ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Baba ya gaji da ƙorafi, shi ne ya je ya ba wani mai walda aiki. Abin da ya ce masa kawai: "Malam, irin na makarantar kwana nake so, amma a yi shi da ƙwari."

Gado ya yi ƙwari kam. A dare na tara muka ji ƙarar faɗuwa, sai ihu. Autanmu, ɗan shekara biyar, ya lallaɓa ya hau sama wurin yayansa, cikin barci ya mirgino ya faɗo kan siminti. Goshinsa ya fashe, sai da aka yi masa ɗinki huɗu. A hanyar dawowa daga asibiti Umma ba ta ce wa kowa komai ba, sai da muka shiga gida ta dube ni ta ce, "Kai da kake jami'a, ko awon ɗakin ba ka iya yi ba?"

Maganar ta zauna mini. Washegari na aro tef ɗin awo na shiga ɗakin, na kuma zauna na karanta ƙa'idojin da ƙasashen da suka daɗe da irin wannan gado suka gindaya. Abin da na gano shi ne, ba ƙaddara kaɗai ta faɗo da yaron nan ba, har da lissafin da ba mu yi ba.

Me ya sa gadon ke shiga gidaje?

Yawancinmu a makarantar kwana muka san shi, ko a hostel, inda ɗalibai ke ce masa "bonk". Masu zuwa sansanin yi wa ƙasa hidima ma a kansa suke kwana na mako uku. Yanzu ya fara shiga gidaje, kuma dalilin a fili yake: haya ta yi tsada, ɗakuna ƙanana, yara suna girma. Ga kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya yi umarni da raba wa yara wurin kwanciya idan sun kai shekara goma. Mai ɗaki biyu da 'ya'ya biyar, ina zai samo wurin? Sai ya nemi sarari ta sama.

Matsalar ita ce ɗakin hostel daban, ɗakin gida daban. A hostel manya ne ke kwana. A gida akwai ɗan shekara uku, akwai fanka a tsakiyar silin, akwai katifar da aka saya don jin daɗi. Shi ya sa "irin na makarantar kwana" ba awo ba ne.

Fara da sama, ba da ƙasa ba

Kowa faɗin ɗaki yake fara dubawa. Ni kuwa na ce a fara da tsayi, don nan hatsarin yake. Ga abin da tef ya nuna mini a ɗakinmu. Daga daɓe zuwa silin inci 102 ne, wato ƙafa takwas da rabi. Mai walda ya sa shimfiɗar sama a inci 66. Baba ya ɗora katifa mai kaurin inci 8, ya zama 74. Abin da ya rage tsakanin katifa da silin inci 28 ne kacal. Ƙanena mai shekara 13 ba ya iya zama a miƙe, kullum a sunkuye yake hawa, a sunkuye yake sauka.

Masu sana'ar gado galibi suna ba da shawarar a bar inci 30 zuwa 36 a saman katifa. Amma akwai hanyar da ta fi sauƙi. Ka zaunar da wanda zai kwana a sama a ƙasa, ya jingina da bango, ka yi alama a saitin kansa, ka auna, sannan ka ƙara kamar inci 4 zuwa 6 saboda girma. Haka za ka yi wa na ƙasa, don shi ma yana buƙatar zama ba tare da ya ƙume kai da ƙarfe ba.

Sai maganar fanka, wadda ta fi ba ni tsoro. Tamu mai inci 56 ce, irin wadda ta cika kasuwa, wato fukafukanta suna kai inci 28 ta kowane gefe daga tsakiya. Tana rataye inci 18 ƙasa da silin, ke nan inci 10 kawai ta ɗara katifar sama. Faɗin ɗakin inci 120 ne, fankar tana tsakiya, don haka bakin fiffikenta yana inci 32 daga bango. Gadon kuwa ya fito inci 38 daga bangon. Ka ga fiffiken yana shiga saman gadon da inci shida. Allah ne kawai Ya tsare, don a kwanakin nan ba a cika kawo wuta da dare ba. Wallahi da na gama lissafin nan sai da na zauna a bakin gadon na yi shiru.

Kada kuma a manta da zafi. Iska mai zafi sama take tashi, kuma idan rufin kwano ne, na sama shi ke shan wahala a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Gadon da ya matse da silin a irin wannan lokaci tanda ce. Saboda haka ne ma ban ga hikimar gado mai hawa uku a ɗakunanmu ba, sai dai in silin ɗin yana da tsayi sosai.

Katifa kafin gado

Kuskurenmu na biyu shi ne mun yi gado sannan muka nemo katifa. Kamata ya yi a yi akasin haka. A kasuwanninmu ana kiran katifa da ƙafa: shida da biyu da rabi, wadda ake ce wa ta ɗalibai, sai shida da uku, shida da uku da rabi, shida da huɗu da rabi, har zuwa shida da shida. Amma a lura, abin da ake kira "ƙafa shida" a baki, a jerin awon manyan kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka sau da yawa inci 75 ne, ba 72 ba. Idan mai walda ya yanka ƙarfe a kan 72, katifar za ta tanƙware ta ƙi zama. Idan kuma firam ɗin ya fi katifa girma da yawa, za a bar ramin da ƙafar yaro ko kansa zai iya shigewa. Ka sayi katifar, ka auna ta da hannunka, ka kai wa mai aiki lambobin.

Wane faɗi ya dace? Ƙafa biyu da rabi, kimanin santimita 76, ta ishi yaro ɗan firamare, amma saurayi zai takura. Ƙafa uku, kimanin santimita 91, ita ce tsaka-tsaki, kuma yaro zai girma a kanta har ya gama sakandare. Idan ƙananan yara biyu ne za su kwana a ƙasa, ana yin gado mai faɗin ƙasa, huɗu da rabi a ƙasa, uku a sama. Sai dai yana cin fili, a auna tukuna.

Kauri kuma shi ne abin da ya faɗo da autanmu. Mai walda ya yi shingen gefe mai tsayin inci 9 daga shimfiɗa. Katifa mai inci 8 ta haɗiye shi, saura inci ɗaya. Shingen yana nan a ido, amma ba ya tare komai. A Amurka, hukumar kula da amincin kayan masarufi ta CPSC ta mai da ƙa'idar wannan gado doka tun shekarar 2000. Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa shinge ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, kimanin santimita 13, kuma a sa shi a gefe biyu, har da ɓangaren bango, don yaro na iya zamewa ya maƙale tsakanin gado da bango. Haka kuma kada wata kafa a jikin shingen ta wuce inci uku da rabi, saboda jikin ƙaramin yaro na iya ratsawa kansa ya tsaya. Ita hukumar da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar sun kuma yi gargaɗin kada yaron da bai kai shekara shida ba ya kwana a sama.

Ba dokarmu ba ce, gaskiya ne. Amma kan yaro a Kurna ko Tudun Wada girmansa ɗaya da na yaron can. Abin da za a ɗauka a nan mai sauƙi ne: katifar sama siririya, inci 4 zuwa 6, mai kaurin a bar wa na ƙasa.

Filin ƙasa da ƙofa

Da ka gama da tsayi, sai ka dawo ƙasa. Firam yana ƙara inci biyu zuwa uku a kan awon katifa. Ka ɗauki alli ko gawayi ka zana girman gadon a daɓe, sannan ka zagaya ɗakin. Ƙofa tana buɗewa? Taga fa, gadon zai toshe ta, ko na sama zai kasance saitinta? Ina soket da makunnin wuta? A bar aƙalla ƙafa biyu a gaban tsani don hawa da sauka. Tsani mai jingina ya fi sauƙin hawa amma yana cin fili, miƙaƙƙe kuma ba ya cin fili amma yana son yaro mai wayo.

Sannan a auna ƙofar ɗaki da zaure da duk wata kwana da gadon zai bi. A ce wa mai aiki ya yi shi mai kwancewa, da noti, ba a manne gaba ɗaya ba. Mai haya ya san amfanin haka ranar tashi. Sai dai notin yana sassautawa, a riƙa ɗaure shi lokaci-lokaci.

Gidan sauro ma a sa shi a lissafi. Na ƙasa ana ɗaure shi a ƙarƙashin shimfiɗar sama, na sama kuma a silin ko bango, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Igiyoyin su zama gajeru, kuma kada gadon ya koma maratayin bel, jakar makaranta da igiyar shanya. Yaro na iya sarƙewa da su a wuya.

Ƙarfe ko katako?

Kowanne da nasa. Ƙarfe ba ya cin fili, gara ba ta cin sa, amma idan siriri ne yana lanƙwasa, yana ƙara, yana tsatsa. Katako ya fi kyau a ido, sai dai kuɗin cizo na son mahaɗarsa, kuma ɗanye yana tsagewa idan hunturu ya zo. Ko wanne ka zaɓa, kafin ka biya cikon kuɗi ka hau sama da kanka, ka girgiza shi, ka shafa gefuna ko akwai kaifin walda, ka duba sandunan da katifa ke hawa ko a manne suke. Na ƙasa rayuwarsa tana ƙarƙashin sandunan nan.

Mu dai mun mayar da namu. Mai waldan bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, ai abin da aka ce in yi na yi." Kuma gaskiyarsa. Ya rage ƙafafun da inci 6, ya ƙara sanduna a shinge, ya sa wani a ɓangaren bango. Muka canza katifar sama zuwa mai inci 4, sarari ya koma inci 38, shinge ya ɗara katifa da inci 5. An cire fankar silin an kafa ta bango. Kuɗin gyara da na asibiti da na sabuwar katifa sun kusa yin wani gadon.

'Yan uwana matasa, a gidaje da yawa mu ne ake aika wurin kafinta da mai walda, mu ne masu waya a hannu. Idan an fara zancen gado mai hawa biyu a gidanku, ka karɓi aikin awon. Ka rubuta tsayin silin, tsayin fanka, awon katifa, faɗin ƙofa da shekarun wanda zai kwana a sama, sannan a tafi wurin mai aiki. Autanmu yanzu a ƙasa yake kwana, da tabonsa a goshi, yana ƙirga watannin da suka rage masa ya cika shida. Umma ta ce ko ya cika sai ta ga dama.