Yadda Ake Shirya Tsohuwar Mota Domin Tseren Rali

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Ikara zuwa Paki cikin damina, ko ya bi hanyoyin burji na ƙauyukan Makarfi da Kudan lokacin da ake kwasar rake da tumatir, ya san irin wahalar da mota ke sha a ƙasarmu. Ga gargada, ga laka, ga ƙura. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, akwai wani wasa a duniya da ake neman irin waɗannan hanyoyi da gangan domin a gwada ƙarfin mota da hankalin direba. Sunan wannan wasa rali. Mun ga ya dace mu yi bayaninsa a nan, gama da yawa cikin ɗalibanmu maza suna sha'awar mota, waɗansu kuma da zarar sun gama makaranta gareji za su nufa. Sha'awa kuwa idan ba ilimi tare da ita, takan kai mutum inda bai yi niyya ba.

Mene ne rali?

Rali ya bambanta da tseren da ake yi a fili, inda motoci ke zagayawa kafaɗa da kafaɗa. A rali ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, a bar tazarar minti ɗaya ko biyu tsakaninsu, kowace kuma agogo take tsere da shi. Mutum biyu ne a ciki: direba, da mai karanta hanya wanda ke riƙe da takarda yana faɗa wa direba abin da ke gaba, ko kwana ce, ko kwalbati, ko rafi. A wuraren da ake gudu sosai, masu shirya wasan sukan nemi izinin hukuma su rufe hanyar, su sa masu tsaro, su tanadi likita da motar ɗaukar marasa lafiya.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1974 an yi wani babban rali da ya tashi daga Landan, ya ratsa hamadar Sahara ya zo har Kano, sa'an nan ya juya ya ƙare a birnin Munich na ƙasar Jamus. Motoci 19 kaɗai suka kai ƙarshe. Wadda ta zo ta ɗaya Citroën ce ta waɗansu mutanen Ostareliya uku, ta biyu da ta uku da ta huɗu kuwa duka Peugeot 504 ne, wato Fijo ɗin nan da muka sani. A 1979 kuma ralin Paris zuwa Dakar na farko ya bi ta Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. A nan gida, bikin kamun kifi na Argungu ya sha haɗawa da ralin motoci.

Tsohuwar mota za ta iya?

Za ta iya. A 1965 waɗansu 'yan'uwa biyu a ƙasar Kenya, Joginder Singh da Jaswant Singh, suka sayi Volvo wadda ta riga ta sha wuya a ralin Safari na shekarar da ta gabata. Suka kwance ta, suka gyara ta da hannunsu, suka shiga Safari da ita, suka cinye, alhali akwai sababbin motocin manyan kamfanoni a cikin tseren. Haka nan a Faransa, Claude Marreau da ɗan'uwansa Bernard sun shirya wata 'yar ƙaramar Renault 4, suka zo na biyu cikin motoci a ralin Dakar na 1979. A 1982 suka ci gasar da Renault 20.

Ga mu a nan, motar da ta fi kusa da hannu ita ce 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru masu yawa yana harhaɗa ta. Ita ce ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson mutumin Suwidin. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, babu kwamfuta a injinta, kuma da wuya a sami bakanike a Zariya ko Tashar Yari da bai taɓa kwance ta ba. An daina ƙera ta, amma ana iya neman kayanta na hannu a irin su Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ga abin da muke so mai karatu ya riƙe. Yaro idan aka ce a shirya motar tsere, inji yake fara tunani. Masana kuwa inji ne abu na ƙarshe a wurinsu. Suna farawa da abin da zai tsare rai, sa'an nan abin da zai tsai da mota, sa'an nan abin da zai hana ta lalacewa. Wanda bai kai ƙarshe ba, ba a lissafa gudunsa.

Mataki na ɗaya: bodi

A wanke motar sarai, a ɗaga ta, a duba ƙarƙashinta da fitila. Kada wani ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara ga jak kaɗai. Sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko manyan gungumen katako a kan ƙasa mai tauri. Abin da ake nema shi ne tsatsa da tsagewa, musamman inda shakazoba ke ɗaure, da daɓen da kujeru ke zaune a kai, da ƙasan ƙofofi. A ƙwanƙwasa da guduma. Inda ƙarfe ya ruɓe a yanke shi a sa sabo, kada a shafe shi da fenti. Idan motar ta taɓa yin mummunan hatsari har ta karkace, a haƙura da ita, gama ba a gini a kan ruɓaɓɓen tushe.

Bayan haka a fitar da duk abin da ba shi da amfani: kujerar baya, darduma, rediyo da tarkacen but. Mota mara nauyi ta fi saurin tashi, ta fi kuma saurin tsayawa, wannan kuwa ba ya cin ko kwabo.

Mataki na biyu: kejin ƙarfe da ɗamara

Motar rali takan kife, har a hannun gwanaye. Saboda haka ake gina keji na bututun ƙarfe a cikinta, domin idan ta juya rufin kada ya danne mutanen ciki. Hukumar wasannin motoci ta duniya, wato FIA, ta ƙayyade irin bututun: ƙarfe mara ɗinki, babban bakan kuma faɗinsa milimita 45 da kaurin milimita 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2. Bututun famfo ba zai yi ba. Yana da ɗinki a jikinsa inda yakan tsage, hayaƙin da ke tashi idan ana waldarsa kuma yana cutar da huhu. Ƙafafun kejin ba a kan daɓe kawai ake ɗora su ba, sai an shimfiɗa farantan ƙarfe masu kauri, in ba haka ba ranar hatsari za su huda daɓen su wuce. Wannan aiki na ƙwararren mai walda ne. Kejin da aka yi da ganganci ya fi rashinsa haɗari, domin bututun da ya ɓalle mashi ne.

Kujeru biyu na gaba a ɗaure su da noti masu ƙarfi. Bel ɗin mota na kullum bai isa ba, akwai ɗamara ta musamman mai bi ta kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Kowa ya sa hular kwano mai inganci, a kuma naɗe bututun da ke kusa da kai da abin da zai rage bugu.

Sai maganar wuta. A ɗaure batir da ƙarfe, a rufe kansa. A sa makunni guda mai yanke wutar mota duka, inda direba da mutumin waje za su iya kai hannu. A toshe duk wata kafa tsakanin but da ɗakin mutane domin kada fetur ya kwararo ciki. A sauya tsofaffin robobin mai. Tukunyar kashe gobara ta zauna a ɗaure kusa da ƙafar mai karanta hanya. Jarkar fetur ba ta da wuri a cikin mota.

Mataki na uku: birki, sitiyari da ƙafafu

Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun san cewa idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninka huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, a kan burji kuma taya ba ta kama ƙasa kamar a kwalta. Domin haka a sabunta takalman birki da robobinsa, a zubar da tsohon man birki duka. Man birki yana shan danshi daga iska. Idan ya tsufa, birki kuma ya yi zafi, ruwan cikinsa yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Wajen wannan aiki kada a hure ƙurar birki da baki, gama tsofaffin takalma sukan ƙunshi asbestos mai lalata huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

A girgiza kowace ƙafa a ji ko tana wasa. Duk mahaɗin sitiyari da ya saki a sauya shi. Idan akwai kuɗi kaɗan da za a kashe a wuri guda, a kashe su a kan shakazoba masu kyau. Gargada tana sa man cikinsu ya yi zafi ya yi kumfa, daga nan mota ta fara tsalle kamar ɗan akuya, taya ba ta taɓa ƙasa balle sitiyari ya yi aiki. Ana iya ɗaga motar kaɗan da sifirin masu ƙarfi, amma idan aka wuce kima sai ta zama mai saurin kifewa a kwana. Taya kuma a duba shekarunta: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa ta tsattsage ba abin amincewa ba ce ko da zanenta bai cinye ba.

Mataki na huɗu: kāre ciki da inji

Dutse guda ya isa ya fasa kwanon baƙin mai, cikin 'yan mintoci inji ya ƙone. Sai a ɗaura farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin inji da giya, wani kuma a ƙarƙashin tanki, a ɗaure su a jikin bodi. Bututun birki da na mai a ɗauke su daga inda duwatsu ke dukansu. Salansa a ƙara mata maratayi.

Yanzu ne muka iso inji, shawararmu kuwa ita ce a bar shi yadda kamfani ya yi shi, a dai tabbatar yana da lafiya. Sabon baƙin mai da matatarsa, sababbin fulogi, sabon fanbel, kafireto a wanke, lagireto a wanke a sauya robobinsa. Matatar iska ita ce ran inji a ƙasarmu. Waɗansu sukan cire ta wai don mota ta ƙara ƙarfi, alhali ƙurar hunturu idan ta shiga tana cin fistin da zobbansa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Cire salansa ma ƙara yake kawowa, ba gudu ba.

A but a ɗaure safaya, jak, sifanu, igiyar ja, shebur, ruwan sha da akwatin taimakon farko. Abin da ba a ɗaure ba zai tashi sama ranar hatsari.

Mai karanta hanya

Ba dole sai mai mota ne zai shiga wannan wasa ba. Akwai irin ralin da ba a neman wanda ya fi gudu, ana neman wanda ya isa daidai kan lokaci. Idan aka ce a yi kilomita 30 da matsakaicin gudun kilomita 50 a awa, mai karanta hanya zai lissafa ya ga minti 36 ne. Wanda ya iso da wuri an ci shi tara, haka wanda ya makara. Ashe lissafin da muke gudu a aji yana da ranarsa. Da irin wannan ya kamata mai koyo ya fara.

Gargaɗi

Duk abin da muka bayyana ba izini ba ne na yin gudu a kan titi. Hanyar Hunkuyi da ta Makarfi da ta Ikara hanyoyin jama'a ne. Akwai yara masu zuwa makaranta, da mata masu komowa daga kasuwa, da amalanke, da garken shanu, babu kuma wanda ya gaya musu ana tsere. Wasan mota da samari ke yi ranar ɗaurin aure ko ranar gama makaranta ba rali ba ne, gama babu keji, babu hula, babu likita, babu izini. Iyaye da yawa sun yi kuka saboda shi. Wanda ba shi da lasin kada ya taɓa sitiyari, wanda kuma ya shirya mota ya jira wasan da hukuma ta amince da shi, ya kai ta masu dubawa su duba, ya karɓi gyaran da suka ce.

Mun sani ƙalilan ne cikinmu za su taɓa shiga rali. Amma kusan dukanmu za mu hau tsohuwar mota, waɗansu za su tuƙa, waɗansu za su gyara wa jama'a. Tsarin bai sauya ba: rai tukuna, sa'an nan birki, sa'an nan ƙarfin jiki, gudu daga baya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Idan muka koma gida hutu, bari mu leƙa ƙarƙashin motar gidanmu, mu duba ranar da aka yi tayoyinta, mu tambayi yaushe rabon da a sauya man birki. Allah ya kiyaye mana hanya.