Lissafin da ke warware amsa-kuwwa a cikin wayar hannu

Muryar da ta tashi a babban zaure ba ta isa kunne ita kaɗai. Sai ta bugi bango, ta bugi rufi, ta dawo kashi-kashi, kowane kashi ya ɗan makara kuma ya ɗan raunana, duk su hau kan juna. Masana lissafi na kiran wannan cuɗanya konbolushan. Haka saƙon rediyo yake yi tsakanin turken sadarwa da wayar hannu, bayan ya ci karo da gine-gine da motoci.

Lissafa cuɗanyar kai tsaye jan aiki ne. Saƙo biyu, kowanne mai ɗigo miliyan ɗaya, sai an yi ninkawa wajen tiriliyan guda.

Mafita ta biyo ta hannun Joseph Fourier, Bafaranshen da ya nuna a littafinsa na 1822 kan yaɗuwar zafi cewa ana iya farfasa saƙo zuwa kaɗawa zalla, masu sauri da masu nawa. Akwai ƙa'idar da ta ce in an farfasa saƙonnin biyu haka, cuɗanyar ta koma ninkawa kawai, kowace kaɗawa da takwararta. Dalilin ne ya fi burge ni. Kaɗawa zalla in ta ratsa zaure ba ta sauya saurinta, sai dai ƙarfinta ya ƙaru ko ya ragu, ta kuma ɗan jinkirta. Ke nan lamba guda ta isa ta faɗi abin da zauren ya yi mata, muddin zauren bai sauya hali ba. 

A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa hanyar yin farfasawar cikin hanzari, wadda masanin lissafi Gauss ya riga ya gano tun wajen 1805. Tiriliyan ɗin nan ya dawo miliyoyi.

A nan fasahar sadarwa ta 4G ta samu gindin zama. Ana raba bayanai kan ɗaruruwan ƙananan zanguna na kaɗawa, tazarar kilohaz 15 tsakaninsu, a kuma kwafi wutsiyar kowane saƙo a manna a gabansa don ta shanye amsa-kuwwar. Saura wa wayar ta raba abin da ta karɓa a kowane zango da lamba ɗaya, saƙon ya fito tas.