Kalmar "Hesperos" ta Girkanci: Ma'anarta da Asalinta

A wannan takarda muna so mu yi nazarin kalma guda ta tsohon Girkanci, wato "hesperos", tare da 'yar'uwarta "hespera". Abin da ya jawo hankalinmu gare su shi ne ɗaukar ma'ana biyu da suka yi: lokacin faɗuwar rana, da kuma nahiyar da take faɗuwa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin "yamma" ma haka take, kamar a "ya zo da yamma" da "ya nufi yamma".

To, amma a nan ne muke jan hankalin 'yan'uwa malamai. Irin wannan kamanni ba hujja ba ce ta dangantaka tsakanin harsunan biyu. Rana ɗaya kowa yake kallo. Hujjar da masana kimiyyar harshe suka yarda da ita ita ce dacewar sautuka bisa ƙa'ida, kuma wannan ta kai kalmar ga dangin harsunan Indiya da Turai. A Latinanci akwai "vesper", a Rashanci "vecher", a harshen Lituwaniya kuwa "vakaras", dukkansu da ma'anar maraice. Daga nan muka fahimci cewa ma'anar lokaci ce ta fari, ta nahiya ta biyo baya. Harshen Lituwaniya ya ƙarfafa wannan, domin jam'in kalmar, "vakarai", shi ne sunan yamma.

Sai a tambaya, ina "h" ta fito alhali danginta da "v" suka soma? Amsar ita ce, a da Girkawa suna da sautin "w", har da harafinsa mai suna "digamma". Sautin ya ɓace a karin harshen Atina, a wannan kalma kuwa hucin "h" ya maye gurbinsa. An sami wani rubutu a allon tagulla na mutanen Lokris, na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka rubuta sunan Lokrisawan yamma da tsohon harafin, wato "wesparion".

Daga wannan saiwa Girkawa suka kira ƙasar Italiya "Hesperia", saboda tana yamma da su. Haka kuma tauraron da ke fitowa da magariba suka ce masa "Hesperos", na asuba kuwa "Heosphoros". Sun daɗe suna zaton taurari biyu ne kafin su gane cewa guda ne, wanda mu muke kira Zara matar wata.