Hidima da Gudanarwa a Aikin Malamin Jami'a: Misali daga Legon da Maamobi

1.0 Gabatarwa

Yawancin mutane sun ɗauka aikin malamin jami'a bai wuce abu biyu ba, wato koyar da ɗalibai da gudanar da bincike. To amma ƙa'idojin ɗaukar aiki da na ƙarin girma a jami'o'i sun girka aikin ne a kan duwatsun murhu uku: koyarwa da bincike da hidima. Na ukun nan shi ne ba a cika yin bayaninsa ba, ga shi kuwa yana cin lokacin malami ƙwarai. Wannan takarda za ta fayyace rabe-raben hidima da yadda ake gudanar da ita. An ɗauki misalai daga Jami'ar Gana da ke Legon, da unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra, wanda Hausawa ke kira Ankara. Tsakanin jami'ar da waɗannan unguwanni na Zango, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, tazarar 'yan kilomitoci ce kawai.

2.0 Ma'anar Hidima

A nan, hidima na nufin duk wani aiki da malami zai yi da iliminsa ko matsayinsa domin amfanin jami'a ko fagen karatunsa ko al'umma, wanda ba shiga aji ba ne, ba kuma nasa binciken ba. Ana iya kasa ta gida uku: hidimar cikin jami'a, da hidimar fage, da hidimar al'umma.

Tushen wannan nauyi shi ne yadda aka gina jami'a tun asali, a matsayin taron masana masu mulkin kansu. An kafa jami'ar Legon a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, ta kuma gaji wannan tsari daga Ingila. A bisa tsarin, malamai ne ke yanke abin da za a koyar, da wanda ya ci jarrabawa, da wanda ya cancanci zama farfesa. Duk wanda aka ba irin wannan 'yanci kuwa, an ɗora masa wahalar zaman taro da cika takardu ke nan.

3.0 Hidimar Cikin Jami'a

3.1 Sashe da Tsangaya

Hidima kan fara ne daga sashe. Sabon malami kan riƙe muƙamin jami'in jarrabawa, wanda ke tattara tambayoyi da harhaɗa sakamako, ko na mai ba ɗaliban wani aji shawara, ko na mai tsara jadawalin darussa. Idan ya girma sai a naɗa shi shugaban sashe. A nan zai raba kwasa-kwasai tsakanin malamai, ya tsara kasafin kuɗi, ya rubuta rahoto a kan kowane ma'aikaci, ya saurari koken ɗalibai, ya kuma sasanta abokan aiki in sun saɓa. Muƙamin na wa'adi ne. In ya cika, malami ya koma sahun 'yan uwansa, wanda yake shugabanta jiya ya zama shugabansa yau.

Sama da sashe akwai tsangaya. Tun 2014 Jami'ar Gana ta tattara tsangayoyinta cikin kwalejoji huɗu: na kimiyya, da na ilimi, da na kiwon lafiya, da na fasaha da zamantakewa, kowace da shugabanta, wanda shi ma malami ne. Tarihin aikin Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, masaniyar kimiyyar harshe, ya nuna yadda matakan ke bin juna. Ta shugabanci Sashen Kimiyyar Harshe, sannan Tsangayar Harsuna, ta zama mataimakiyar shugaban jami'a mai kula da karatu da ɗalibai a 2019, kana aka naɗa ta shugabar jami'ar a 2021, mace ta farko da ta hau wannan kujera.

3.2 Kwamitoci

Mafi yawan hukunce-hukuncen jami'a a kwamiti ake yanke su. Majalisar malamai, wadda a Nijeriya ake kira Majalisar Dattawa, ita ke da ta cewa a kan harkokin karatu. Ƙarƙashinta akwai kwamitoci na ɗaukar ɗalibai, da na manhaja, da na ɗakin karatu, da na ladabtarwa, da na ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma. Misali, idan sashe na son buɗe sabon digiri, sai shawarar ta bi ta taron sashe, ta hau tsangaya, ta wuce kwaleji, ta isa majalisar malamai, daga nan a miƙa wa hukumar ƙasa mai kula da ilimin gaba da sakandare, wadda aka kafa a 2020, domin tantancewa. A kowane mataki malamai ne ke karanta takardun, su yi gyara, su mayar.

3.3 Gidajen Kwanan Ɗalibai

Legon na da tsoffin gidajen kwana biyar: Legon da Akuafo da Commonwealth da Volta da Mensah Sarbah. An tsara su bisa salon Oxford da Cambridge, inda ake jingina malamai da gidajen, a kuma zaɓi shugaban gida da masu kula da tarbiyya daga cikinsu. Rabon ɗakuna da rigimar ɗalibai da rashin lafiyar dare duk a kansu suke faɗawa. Ga ɗalibin da ya fito daga gidan da ba a taɓa zuwa jami'a ba, sau da yawa wannan malami ne ke tsaya masa a matsayin uba.

4.0 Hidimar Fage

Wannan ita ce hidimar da malami ke yi wa sana'ar ilimi kanta. Ta haɗa da tace maƙalun mujallu kafin a buga, da zama mai jarrabawa na waje a wata jami'a, da auna rubuce-rubucen wanda ke neman zama farfesa, da riƙe ƙungiyoyin masana, da kafa cibiyoyi da adana kayan tarihi. Galibinta a ɓoye ake yi, domin ba a bayyana sunan mai tacewa.

Amfaninta kan daɗe. A shekarun 1960, lokacin da Thomas Hodgkin ke shugabantar Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo sun bi gidajen malamai suna tattara rubuce-rubucen Larabci da na Ajami, ana ɗaukar hotonsu ana jera su. Cikinsu har da ayyukan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Aikin ya buƙaci shugaban da zai ware kuɗi da ma'aikata da ɗaki, kuma manazarta tarihin Hausawan Gana na cin moriyarsa har yau.

5.0 Hidimar Al'umma

5.1 Matakin Ƙasa

Gwamnatoci kan ari malaman jami'a idan ana neman wanda jama'a za su amince da shi. Dokta Kwadwo Afari-Gyan, malamin kimiyyar siyasa a Legon, ya shugabanci Hukumar Zaɓen Gana daga 1993 zuwa 2015. Haka a Nijeriya, Farfesa Attahiru Jega ya bar kujerar shugaban Jami'ar Bayero ta Kano ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Irin wannan hidima ita ce ta fi fitowa fili, amma malamai ƙalilan ne ke yin ta.

5.2 Matakin Unguwa: Nima da Maamobi

A ƙarshen shekarun 1990 wasu matasan lauyoyi da suka yi karatu a Legon, cikinsu har da Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, suka kafa cibiyar taimakon shari'a mai suna Legal Resources Centre, suka mayar da hankali kan Nima da Maamobi. A wancan zamani tsarin asibitocin gwamnati shi ne biya kafin a duba ka. Doka ta tanadi a yafe wa marasa hali, amma ba a cika aiki da tanadin ba, har akan riƙe majiyyaci a asibiti bayan ya warke saboda bashi. Cibiyar ta haɗa kai da matasa da shugabannin unguwa, da kuma Farfesa Lucie White ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda ta riƙa zuwa da ɗalibanta, suka yi ta tarurrukan wayar da kai, da rubuta koke, da zuwa kotu a kan batun lafiya da tsaftar unguwa. A 2003 Gana ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Dalilan kafa dokar suna da yawa, amma ƙorafin unguwanni irin waɗannan na cikin muryoyin da suka yi ta tashi a lokacin. Shi kuwa Atuguba ya zama malami a Legon, ya yi sakataren hukumar bitar tsarin mulki da aka kafa a 2010, ya kuma zama shugaban Tsangayar Shari'a a 2019.

Wannan misali ya nuna abu biyu. Na farko, hidima ba ta rabu da sauran duwatsun murhun ba, domin ɗalibai sun koyi shari'a a aikace, an kuma yi rubuce-rubucen ilimi a kan abin da aka gani. Na biyu, jama'ar Zango ba baƙin wannan tsari ba ne. A al'adarsu malamin zaure, bayan karantarwa, shi ke ɗaura aure, ya raba gado, ya sasanta rikici. Saboda haka idan ɗan unguwa ya zama malamin jami'a, da wannan mudu ake auna shi: a kawo masa takardar neman gurbin karatu, a sa shi kwamitin makaranta ko na masallaci, a tura shi ya yi magana da hukuma.

6.0 Matsalolin Hidima

Babbar matsala ita ce ta awo. Maƙala ana ƙirga ta, a aika wa masana na waje su auna, darasi kuma ɗalibai na ba da shaida a kansa. Amma dare uku da aka kwana ana harhaɗa sakamako, ko sulhun da aka yi a zaure a Maamobi, ba su da ma'auni tsayayye. Don haka wajen ƙarin girma bincike ne ke rinjaye, wanda ya tsaya wa hidima kuma a bar shi a baya.

Ta biyu ita ce rashin daidaito wajen rabo. Wanda aka ga yana da himma shi ake ta ƙara wa kaya, in dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Malamin da ya fito daga al'ummar da ba ta da wakilai da yawa a jami'a ya fi shiga wannan hali, domin jami'a na nemansa a kwamiti, unguwa kuma na jiransa a gida.

Ta uku ita ce illar gudun hidima. Kujerar da masani ya ƙi zama, wani zai zauna. Harshen Hausa misali ne: gidan rediyon gwamnatin Gana na watsa shirye-shirye da shi, amma ba ya cikin harsuna 11 da hukumar harsunan ƙasar ke buga littattafai da su. Matsayin harshe a manhaja ko a makaranta a teburin kwamiti ake tsayar da shi, kuma wanda ke zaune a wurin ne kawai ake jin ta bakinsa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa hidima ta kasu uku, kuma a kanta mulkin kai na jami'a da alaƙarta da maƙwabta irin Nima da Maamobi suka dogara. Gyaran da ake bukata ba mai nisa ba ne: malami ya riƙa adana takardun naɗi da rahoton duk aikin da ya yi, har da na unguwa; sashe ya riƙa juya muƙamai, ya rage wa mai riƙe da babban muƙami yawan darussa; kwamitin ƙarin girma kuma ya duba abin da hidimar ta haifar maimakon yawan kwamitocin da aka lissafa. Ga ɗalibin da ke burin zama malamin jami'a, ya kyautu ya koyi rubuta rahoton taro da jagorancin zama tun yana ƙungiyar ɗalibai, domin zai buƙace su kamar yadda zai buƙaci alli da littafi.