Dagin ƙasar Ailan: yadda tsohon zane ya zama haja

Duk ɗan kasuwar da ya saba juya babbar riga a Maraɗi ko Jibiya, in ya ga surfanin mutanen Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila, zai ce ai dagi ne. Zare ne yake sarƙewa, ya bi sama ya bi ƙasa, ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. Kamar tasu da namu dagin ta yi yawa, amma kowa da tarihinsa.

Nasu ana danganta shi da al'ummar Kelt, kakannin mutanen tsibirin. Malaman Kirista ne suka ƙawata shi a Littafin Kells wajen shekara ta 800, littafin da ke ajiye a kwalejin Trinity a Dublin. Masu ɗinki a yau sukan ce rashin ƙarshen zaren alamar dawwama ce. Ƙulli mai kusurwa uku kuwa Kiristoci na fassara shi da aƙidarsu ta Triniti. Haka mu ma wasu dattawanmu ke ɗaukar aska takwas kariya ce ga mai riga.

Allura ta ɗauki zanen sosai ne lokacin da 'yan Ailan ke fafutikar raya harshensu da al'adunsu a ƙarƙashin mulkin Ingila. A 1902 Evelyn Gleeson da 'yan'uwa mata biyu, Lily da Elizabeth Yeats, suka buɗe gidan sana'a na Dun Emer. Lily ce ta riƙe sashen surfani, tana koya wa 'yan matan yankin abin dogaro da kai. Zanen ya kuma hau rigunan rawar gargajiya, waɗanda kasuwarsu ta bunƙasa bayan wasan Riverdance na 1994. Rigar gasa ɗaya takan haura Yuro 1,000.

To amma yanzu keken kwamfuta ke yin mafi yawan aikin, duwatsu masu ƙyalli sun ture tsohon dagi a riguna da dama. Wannan ciwo mun san shi: mai ɗinkin hannu ya yi watanni a kan riga, keke ya gama irinta a yini, mai saye ya taya su kuɗi ɗaya.

Shawararmu ga 'yan kasuwa: ku juya bayan riga ku nuna wa baƙo sawun allura, ku faɗa masa sunan zanen da garin da aka ɗinka. Wanda ya san abin da ya saya ba ya ƙyashin biya.