Corvette C8: Abin da ya sa wadda aka hau ta taɓa fin sabuwa tsada

A watan Yulin 2019 kamfanin General Motors na Amurka ya ƙaddamar da Corvette C8, wadda ya ɗauke injinta daga gaba ya dasa shi bayan kujerar direba, irin tsarin da aka san Lamborghini da shi. Wannan ya gajarta hancin motar, ya kuma ɗora nauyi kan tayoyin baya, ta ƙara riƙe titi.

Farashinta a 2019 ne ya fi jan hankali: ƙasa da dala 60,000, alhali takwarorinta na Italiya sun haura dala 200,000.

Sai dai yajin aikin ma'aikata na 2019 da annobar korona sun kawo tsaiko a masana'antarta da ke jihar Kentucky. Mota ta yi ƙaranci, masu nema suka yi yawa, har wadda aka hau ta riƙa fin sabuwa tsada. A 2022 kamfanin ya ce garanti ba zai bi samfurin Z06 ba idan mai shi ya gaggauta sayarwa.

Da motocin suka wadata, farashi ya sauko. Ƙaranci ne ya haifar da ribar, kuma kamfani ne ke da ikon kawar da shi.